Gidajen Tsugunarwa na Gaɓar Tafkin Kainji: Nazarin Zamanancin Gini na Tsakiyar Ƙarni na 20 a Ƙasar Yauri

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka ɗauko zancen gidajen zamani na tsakiyar ƙarni na 20, misalan da suke fara faɗowa a bakin masana na Amurka ne: gidan da Charles da Ray Eames suka gina wa kansu a Los Angeles a 1949, ko gidan Farnsworth mai bangon gilashi wanda Mies van der Rohe ya kammala a 1951. Idan aka dawo gida Nijeriya, sai a nuna Jami'ar Ibadan da benayen kamfanoni na Legas, a Arewa kuma a ambaci wasu gine-ginen Kaduna da na Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙauye ba ya shiga lissafi. Alhali kuwa ɗaya daga cikin manyan ayyukan gidaje da aka yi bisa wannan salo a ƙasar nan, a ƙauye aka yi shi, a gaɓar Kogin Neja wanda mutanen yankin ke kira Kwara, lokacin da aka tashi kimanin mutum 44,000 domin madatsar ruwa ta Kainji.

Manufar wannan takarda ita ce shigar da waɗannan gidaje cikin tarihin zamanancin gini, tare da auna su da ma'aunin mutanen da aka gina wa. Da "zamanancin gini" ana nufin mazhabar zayyana da ta taso a Turai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ta yi watsi da ado, ta ce amfanin gini shi ke yanke siffarsa, ta kuma dogara da siminti da ƙarfe da gilashi da kayan da masana'anta ke fitarwa bisa awo guda. Reshenta da ya yi rassa a Afirka ta Yamma daga ƙarshen shekarun 1940 za a kira shi "ginin yankin zafi". Akwai wasu kalmomi biyu da nazarin zai rataya a kansu. "Surar gida" ita ce abin da ido ke gani, wato kewaye ko kusurwa, launi, da yadda ɗakuna ke fuskantar juna. "Ɗabi'ar gida" kuwa ita ce yadda gida ke ƙaruwa, ya ragu, ya sauya hannu a tsawon rayuwar iyali. Hujjar takardar ita ce gidajen Kainji sun kama sura da kyau, ɗabi'a kuma ta kuɓuce musu, sai mazauna suka dawo da ita da laka da kara.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Rubuce-rubucen da suka shafi batun sun kasu gida uku, kuma da wuya a ga wani ya leƙa zauren wani.

Kashi na farko na masu ginin yankin zafi ne da masu rubuta tarihinsu. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zayyana Jami'ar Ibadan, suka kuma yi aiki tare da Le Corbusier a Chandigarh ta Indiya, sun wallafa littafi kan gidajen ƙauye a 1947, sannan wani kan gini a yankin zafi mai laima a 1956, wanda suka faɗaɗa a 1964 ya haɗa da yanki mai bushewa. Uduku (2006) da Jackson da Holland (2014) sun bibiyi wannan tafiya, amma nauyin sharhinsu ya fi karkata ga makarantu da jami'o'i da ofisoshi.

Kashi na biyu masu nazarin ginin Hausa ne. Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun yi bayanin tubali da azara da bakan gizo da ɗaurin guga, har da masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu. Wanda ya fi amfani ga wannan nazari shi ne Schwerdtfeger (1982), domin ya nuna cewa gidan Bazazzagi yana tafiya ne tare da iyali: aure da haihuwa da mutuwa da rabon gado duk suna barin sawunsu a jikin katanga. Illar wannan kashi ita ce idonsa na kan birni mai ganuwa. Ginin Gungawa da Kambari da Shangawa bai sami irin wannan kulawa ba.

Kashi na uku na masu nazarin Kainji ne da ƙasar Yauri. Kundin da Mabogunje ya shirya (1973) da Oyedipe (1983) da Roder (1994) sun dubi yadda mutane suka saba da sabon wuri ta fuskar noma da su da kasuwanci. Harris (1930) ya bar bayani kan Yauri tun kafin a yi mafarkin madatsa, Mahdi Adamu (1968) ya rubuta tarihin mulkinta a ƙarni na 19, Salamone kuma ya nazarci yadda Gungawa ke rikiɗewa su koma Hausawa. A wurin waɗannan masana gida shaida ce ta gamsuwa ko rashin gamsuwa da tsugunarwa. Ba su ɗauke shi a matsayin aikin zayyana mai asali da mazhaba ba. Wannan giɓi ne takardar ta nufa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance bisa abin da aka wallafa. An jera gidan tsugunarwa da gidan gargajiyar da ya gada, aka auna su ta fuska uku: shimfiɗar ɗakuna, kayan gini da yadda suke da yanayin wurin, da kuma ikon mazauni na yin gyara da hannunsa. An kuma kawo ayyukan tsugunarwa biyu na zamanin, ɗaya a Gana ɗaya a Masar, domin a gane abin da ya keɓanta da Kainji. Farfajiyar nazarin ita ce masarautar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi ta yau. Sabuwar Bussa, wadda ke Jihar Neja tun 1991, ta shigo ne domin aikin guda ne.

4.0 Madatsa da Mutanen Gaɓa

An kafa hukumar madatsun Neja a 1962, aka fara aikin Kainji a 1964 a hannun kamfanin Impregilo na Italiya, aka tare ruwa a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar a watan Fabrairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Tafkin da ya taru ya haura murabba'in kilomita 1,200, ya miƙe daga Kainji har wajajen Yelwa. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, da babban gungun Foge, da ƙauyuka fiye da 200 waɗanda aka tattara mutanensu a sababbin matsugunai fiye da 100. Sarkin Yauri a lokacin shi ne Muhammadu Tukur.

Waɗanda abin ya shafa ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai Gungawa, masu kiran kansu Reshe, waɗanda Hausa ta raɗa wa suna daga gungu, wato tsibiri, kuma suka shahara da noman albasa na ban ruwa. Akwai Kambari manoman tudu, da Lopawa da Laru, da Sarkawa masunta, da Yaurawa, da Bussawa. Can sama da Yelwa kuma ga Shangawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Bussawa ne. Kowace al'umma da yadda take kafa gida: wasu ɗakuna masu kewaye da jinka a dunƙule wuri guda, wasu masu kusurwa huɗu da zaure da katanga irin ta masu kulle.

Da farko hukuma ta ɗauki hanyar biyan diyya, kowa ya je ya gina nasa. Aikin ya yi tafiyar hawainiya, ruwa kuwa ba ya jira. Sai aka sauya shawara a tsakiyar tafiya, hukuma ta ɗauki nauyin ginin, aka damƙa zayyana ga Robin Atkinson, Bature ɗan Ingila wanda ya yi aiki da kamfanin Fry da Drew a Legas. Ta wannan ƙofa ginin yankin zafi ya sauko daga harabar jami'a ya shigo ƙauyen masunta.

5.0 Tsokaci kan Gidajen

5.1 Sura

Abin da ya bambanta aikin Atkinson da galibin gidajen gwamnati na zamaninsa shi ne bai ɗauko bariki ya dasa a bakin ruwa ba. Ya dubi yadda tsofaffin gidajen suke a shimfiɗe, ya yi ƙoƙarin maido da su: ɗakuna daban-daban da ke kewaye tsakar gida, maimakon dogon gini guda mai falo da baranda. Bangon na bulon siminti ne, rufin kuma na farantan siminti mai asbestos ne da aka lanƙwasa. Daga nesa lanƙwasar tana tuna wa mai kallo rufin soro ko na jinka, ba tare da ta zama ɗayansu ba.

A ma'aunin zamanancin gini wannan nasara ce. Babu ado ko na sisin kwabo. Sassa kaɗan ne ake maimaitawa, don haka ana iya gina dubban ɗakuna cikin ɗan lokaci da ma'aikatan da ba su daɗe da koyon aikin ba. Lanƙwasar rufin ma ba don kyau kawai aka yi ta ba, domin faranti mai baka yana ɗaukar nauyin kansa a kan ƙaramin ɗaki, ya rage buƙatar katako da azara. Kyan da gidajen suke da shi daga nan ya fito, daga jerin bakuna masu awo ɗaya da inuwar da suke jefawa a kan bango mara zane. Wanda ya san gidajen gwaji da aka riƙa ginawa a Kalifoniya tsakanin 1945 da 1966 zai gane aƙidar, ko da yake a can gilashi aka buɗe wa lambu, a nan kuwa bango aka juya wa rana.

5.2 Kayan Gini da Yanayi

A nan ne lissafin ya fara karkacewa. Bangon laka mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya riƙe shi, sai dare ya raba ya sake shi. Shi ya sa ɗakin ƙasa ke da sanyi da azahar a bazara, ya kuma yi ɗumi da asuba a hunturu. Jinka tana numfashi: iska mai zafi na fita ta cikinta, hayaƙin wutar da ake hurawa a ɗaki ma haka, kuma hayaƙin nan yana korar ƙwari daga ciyawar. Bulo mai rami da farantin rufi siriri ba su da wannan hali. Zafi na ratsa su da wuri, sanyi ma haka. A yankin da watannin Maris da Afrilu ke gasa mutane, ba abin mamaki ba ne da zafin ɗaki da sanyinsa da ƙanƙantarsa suka yi ta fitowa a cikin koken mazauna da masu bincike suka rubuta.

Dabarun da ginin yankin zafi ya yi suna da su, irin su bango mai huda-huda da barandar da ke tare rana da tagogi masu fuskantar juna, an ƙirƙire su ne domin laimar Ibadan da Akara, inda iska mai ratsawa ita ce magani. Gaɓar Kwara a Yauri tana tsakani: damina mai laima, rani mai ƙuna, hunturu mai ƙura. Gini guda da zai amsa wa ukun yana buƙatar nauyin bango, kuma nauyin nan laka ke bayar da shi a arha.

Adalci ne a faɗi abin da siminti ya kawo. Gobara, wadda kan cinye unguwar jinka cikin sa'a guda a lokacin iska, ta ragu. Gara ba ta cin bulo. An huta da yaɓe da baibaya na kowace shekara. Sai dai wannan hutun yana da farashi, kuma shi ne batun sashe na gaba.

5.3 Ɗabi'a

Gidan gargajiya a wannan yanki ba a gama shi. Yaro ya isa aure, a tayar masa da ɗaki a gefe. An yi amarya, a ja danga a raba tsakar gida. Tsoho ya rasu, ɗakinsa ya zauna kango, damina biyu ko uku ta mayar da shi ƙasa, a kwaɓa ƙasar a yi wani. Gandu ya rabu, a toshe ƙofa a fasa wata. Duk wannan da kayan da ke bayan gari ake yi, da hannun masu gida da gayyar maƙwabta, magini kuma ɗan gari ne da ake biya da abin da ya sawwaƙa. Yaɓen shekara-shekara da ake gani kamar wahala shi ne lokacin da ake sake duba gida a daidaita shi da yawan mutanen da ke ciki.

Gidan tsugunarwa kuwa hoton iyali ne na ranar da aka yi ƙidaya. An ƙirga abin da aka tarar, aka zuba shi a siminti. Iyalin da ke da samari uku a 1967 sun zama magidanta uku bayan 'yan shekaru, bango bai san an yi ba. Wanda yake son ƙari da irin kayan da aka yi ginin sai ya nemi siminti da kuɗi da birkila daga Yelwa ko Kontagora. Farantin rufi idan ya tsage ba a ɗinke shi da ciyawa. Ikon gyara ya fita daga hannun mai gida ya koma kasuwa.

Abin da mazauna suka yi shi ne abin da ya fi cancantar nazari. Sun ƙara ɗakunan laka a jikin na bulo. Sun kafa rumbuna da rufewa, sun yi rumfa da madafa, sun ja zana inda suke son sutura. Wani ɗakin siminti ya koma ma'ajiya, mai shi ya koma kwana a na ƙasa. Mai tsattsauran ra'ayin zamananci zai kira wannan ɓata zayyana. Wannan takarda tana ganin akasin haka: shimfiɗar Atkinson, da yake ta ware ɗakuna ta bar fili a tsakaninsu, ita ce ta ba da damar ƙarin. Da dogon gini guda aka yi, da babu inda laka za ta kama. Ke nan mafi alherin abin da zayyanar ta yi shi ne wurin da ta bari babu gini.

Kwatance zai ƙara haske. A Gana, madatsar Akosombo ta tashi kimanin mutum 80,000, aka zaunar da su a garuruwa 52. Can an ba kowane iyali "ƙwayar gida", wato ɗaki ɗaya da rufin da zai ɗauki ƙari, da nufin su ƙarasa da kansu. An yarda gida na girma, amma an fara shi da ƙanƙantar da ta takura manyan iyalai. A Masar kuma Hassan Fathy ya gina Sabuwar Gurna daga 1946 da tubalin laka da rufin baka irin na Nubiya, kayan da suka dace da yanayi sarai, duk da haka yawancin mutanen suka ƙi tashi daga tsohon garinsu, domin abincinsu na can. Misalin Fathy gargaɗi ne ga mai zaton da an yi gidajen Kainji da laka da magana ta ƙare.

5.4 Mazauni da Tunga

Gida ba ya rabuwa da inda aka kafa shi. Bagunge da ya saba buɗe ƙofa ya ga jirginsa da fadamar albasarsa, an kai shi tudu, nesa da inda ruwa zai iya kaiwa. Ta fuskar injiniya hakan daidai ne, domin tafkin na cika yana janyewa kowace shekara bisa zuwan farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini a cikin rani. Amma janyewar nan ita ke buɗe ƙasa mai dausayi, kifi kuma a ruwa yake. Saboda haka tunga, wato zangon bukkoki na masunta da manoman gaɓa, ta ci gaba da rayuwa a gefen garin siminti, masunta baƙi da tafkin ya jawo suka ƙara mata yawa. Duk wanda ya dubi taswirar Ngaski da Yauri da Shanga zai ga yawan wuraren da sunansu ya fara da Tungan. Gini ne na kara da ciyawa wanda ake tayarwa a kwana biyu a bar shi ba da asara ba, kuma ya amsa wata tambayar da gidan hukuma bai yi wa kansa ba.

6.0 Batun Adanawa

Duniya ta fara ɗaukar gine-ginen wannan zamani a matsayin kayan tarihi. An kafa ƙungiyar Docomomo a 1988 domin tattara bayanansu da kare su, UNESCO kuma ta sanya birnin Asmara na Eritiriya cikin wuraren tarihi na duniya a 2017 saboda gine-ginensa na zamananci. A Nijeriya hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979 ita ke da hurumin ayyana gini a matsayin abin adanawa, kuma gidajen Kainji sun haura shekara hamsin.

Sai dai al'adar adanawa ta Turai, wadda ke kankare duk abin da aka ƙara domin a koma ga zayyanar asali, ba za ta yi aiki a nan ba. Idan aka rushe ɗakin laka da rumbu domin a fito da aikin Atkinson tsantsa, an adana rabin da ya gaza an zubar da rabin da ya gyara shi. Ga kuma matsalar rufin. Asbestos ba ya cutarwa sosai muddin farantin na nan lafiya, amma idan ya tsufa ya fara marmashewa, ko aka fasa shi, ƙurarsa na jawo cutar huhu da sankara, dalilin da ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Ba za a ce wa magidanci ya ci gaba da kwana ƙarƙashin tsagaggen faranti domin tarihi ba. Kwano zai maye gurbinsa, kuma da tafiyar bakan rufin surar da aka san gidajen da ita za ta tafi.

Abin da ya rage a hannun masana shi ne awo da zane, irin wanda Dmochowski ya yi wa gine-ginen gargajiya, kuma aiki ne da ɗaliban zayyanar gini na Zariya da na manyan makarantun Jihar Kebbi za su iya ɗauka. Zanen kowane gida ya kamata ya nuna bulon 1968 da launi ɗaya, ƙarin laka da na bulon baya da wani launi, a rubuta kusa da kowane ɗaki shekarar da aka tayar da shi da dalilin tayarwar, aure ne ko rabon gado ko ajiyar albasa. Masu ba da wannan bayani suna nan a Warra da Yelwa da ƙauyukan gaɓa, amma wanda yake ɗan shekara goma ranar da aka kwashe su a jirgi daga gungu ya haura sittin yanzu, kuma shi kaɗai zai iya zana a ƙasa yadda tsohon gidan da ke ƙarƙashin ruwa yake.